INJIN DA KE TATSAR SANIYA BA HANNUN MUTUM

A ƙasar Holan ta Turai akwai garken da saniya ke kai kanta wurin tatsa, ba mai kora ta. Inji ne ke tatsar ta. Wani kamfani mai suna Lely ya fito da irinsa a 1992.

Ga yadda abin yake. Kowace saniya tana da lamba a wuya. Kwaɗayin abinci ke sa ta shiga wani ɗan ɗaki. Injin ya gane ta, hannun ƙarfe ya wanke mata hantsa, ya laƙa kofuna 4, ya tatsa. Inji guda yana isar shanu kamar 60, dare da rana.

To, zai yi a Ƙonni, Malbaza da Illela? Ba yanzu ba. Kuɗinsa ya kan wuce miliyan 60 na sefa, kuma yana son lantarkin da ba ya yankewa. Shanun can suna ba da lita 25 ko fiye a yini. Saniyarmu mai tozo kuwa, Azawak ce, Gudali ce ko ta Bororo, ba ta cika sakin nono ba sai maraƙinta ya fara tsotsa. Kowace mai tatsa ta san haka. Inji ba shi da maraƙi!

Amma akwai abin koyi. Injin yana duba madarar kowane kan nono daban. In ya ga alamar ciwon hantsa, sai ya ware ta. Wannan hannu ma yana iyawa.

Kafin tatsa, a wanke hannu da sabulu. A wanke hantsa, a share da tsumma mai tsabta. Madarar farko ta kowane kan nono a tatsa ta cikin baƙin akushi, a duba. In an ga gudaji ko jini, kada a haɗa ta da sauran, don saniya guda tana ɓata ƙwarya duka. A kira ma'aikacin kiwo tun hantsar ba ta mutu ba. In ya yi wa saniyar allura, a tambaye shi kwana nawa za a bari kafin a sha nononta ko a kai kasuwa. Wanda za a ba yara kuma, a tafasa shi.

Kada a manta, inji ba ya yin madara, ciki ke yin ta. Harawa, karan gero da dusa, a tanada su tun kaka, kafin su yi tsada da bazara a kasuwar Badagishiri.