Magungunan Saki Tsoka da Wa'adin Dakatar da Su ga Dawakin Gasa

Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wasu al'amura biyu da akan cuɗanya a fagen sukuwa, wato lokacin da magani ke ɗauka kafin a daina ganin sawunsa a jikin doki, da kuma wa'adin da likitan dabbobi ke yankewa na dakatar da shi kafin ranar gasa.

Magunguna biyu ne suka fi shahara wajen saki tsokar dokin da ta ɗaure bayan gudu. Metokabamol, wanda ake sayarwa da sunan Robaxin, ta hanyar ƙwaƙwalwa da laka yake aiki, don haka yakan sa doki kasala. Shi kuwa dantirolin cikin tsokar kanta yake shiga, ya rage kwararar sinadarin kalsiyam da ke sa ta tsukewa. Akan ba da shi ta baki ga dokin da ke yawan sandarewa, har fitsarinsa ya yi duhu saboda lalacewar tsoka.

A shekarar 2013 ƙungiyar hukumomin sukuwa ta ARCI a Amurka ta amince da jadawalin da ya ƙayyade cewa kada metokabamol ya wuce nanogiram 1 a kowace mililita ta ruwan jini. Shawarar da ta biyo baya ita ce a dakatar da shi awa 48 kafin gasa, bisa sharaɗin allura guda ce aka yi ta jijiya, miligiram 15 ga kowane kilo. Ke nan dokin da ya kai kilo 500 giram 7.5 ne rabonsa.

A nan ne gizo ke saƙa. Wannan adadi na awa 48 bai shafi dokin da aka jera kwanaki ana ɗura masa maganin ta baki ba, domin kuwa yakan taru a jiki, ya daɗe bai fita ba. Hasali ma, akan samo irin waɗannan alƙaluma ne daga gwajin dawaki ƙalilan masu ƙoshin lafiya, alhali wanda ake yi wa magani ba lafiyayye ba ne, kuma shekarunsa da abincinsa da ƙarfin hantarsa duk suna da tasiri. Wannan ne ya sa hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai mazauni a Suwizalan, take wallafa lokacin ganowa kawai, ta bar wa likita nauyin ƙara tazara a kai. A ganina wannan tsari ya fi dacewa, ko da yake ya ɗora wa likitan kaya mai nauyi.

Idan sakamakon gwaji ya haura ƙa'ida, akan soke nasarar dokin, a karɓe kuɗin kyauta, a ci mai horar da shi tara ko a dakatar da shi, ko da kuwa ya tabbatar da cewa magani ya yi niyya, ba maguɗi ba.