Bayani A Kan Tsohuwar Mota Idan Ta Ƙi Tashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan bayani ne domin amfanin fatake da malamai masu kai da komowa tsakanin Sabon Birni da Isa, da masu wucewa Shinkafi cin kasuwar Alhamis, da masu nufar Sakkwato ta Goronyo. A waɗannan hanyoyi akan ga tsofaffin motoci sun sha kaya, buhun gero bisa buhun albasa, cikinsu har da irin Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975. Irin waɗannan motoci suna da juriya, amma wata rana sai a murɗa makulli su yi shiru.

Mutuwar mota a dajin Gobir ba ƙaramin al'amari ba ne. Mutanen wannan ƙasa ba su manta da watan Disamba na 1443... a lissafin bature 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, kusa da Gidan Bawa, suka banka mata wuta, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. A watan Satumba na wannan shekara kuma an rufe layukan wayar hannu a Sabon Birni da Isa da wasu ƙananan hukumomi, har ya zama wanda motarsa ta tsaya a hanya ba shi da halin kiran bakanike. Saboda haka sanin ciwon mota ya zama abin neman direba da mai kaya, har da fasinja.

Asalin magana shi ne, injin fetur ba ya tashi sai abu uku sun haɗu: mai, da iska, da wuta a kan lokacinta. Ita wutar nan tafiya take yi daga hannu zuwa hannu, tamkar yadda malamai ke karɓar karatu daga malami zuwa malami. Idan mutum guda ya faɗi daga silsila, isnadi ya yanke. Mafarinta batir, mai ƙarfin bolt 12. Daga batir sai makulli, daga makulli sai kwayil, wanda ke ɗaga wannan ƙarfi zuwa dubbai masu yawa. Abin da ke sa kwayil ya saki wutarsa kuwa wasu 'yan ƙarafa biyu ne masu buɗewa da rufewa, kanikawa na ce musu kwantak, da wani ɗan gwangwani a gefensu, kwandensa, mai hana bakinsu ƙonewa. Sa'an nan distirbuta ya raba wutar ga fulogi huɗu, bi da bi, ɗaya da uku da huɗu da biyu. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara wannan hanya, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910. Motocin zamani sun bar kwantak, amma tsofaffin suna nan a kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Mota ta ƙi tashi, wannan ya ce kwayil ne, wancan ya ce kafireta ce, sai a saya a ɗaura, kuɗi ya tafi, ciwo yana nan. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji shaidu, haka nan mai hankali ba ya canza kayan mota sai ya tambayi shaidu huɗu bisa tartibi.

Shaida na fari kunne ne. Idan an murɗa makulli inji bai juya ba, ko aka ji ƙas-ƙas kurum, sai a kunna fitilu a sake murɗawa. In haskensu ya dushe, batir ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa sun yi farin tsatsa, ko sun kwance. A kankare su a ɗaure tamau. In haske bai rage ba, sai a tuhumi kik ko wayarsa. A wannan hali turi kan tayar da mota.

Shaida na biyu hanci ne. Idan inji yana juyawa garau amma bai kama ba, aka kuma ji warin fetur ya cika wuri, to mai ya yi yawa ya jiƙa fulogi. A dakata kaɗan, a taka totur har ƙasa a riƙe, a murɗa. In ko babu wari sam, a duba ko mai yana isowa kafireta, domin man galan na bakin hanya yakan zo da ruwa ko ƙasa. Kada a daɗe ana murɗawa, don kada batir ya ƙare a rasa tudun dafawa.

Shaida na uku ido ne. A zare babbar wayar da ta fito daga kwayil ta shiga tsakiyar murfin distirbuta, a riƙe ta da busasshen itace, a kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, tazarar rabin santimita, wani ya murɗa makulli. Kada a yi wannan inda fetur ya zube. In tartsatsi shuɗi ya yi tsalle da ƙara, silsila ta inganta tun daga batir har kwayil, laifi yana gaba: murfi, ko rota mai juyawa a cikinsa, ko wayoyin fulogi, ko fulogin kansa. Da damina, in mota ta keta ruwa a fadamar Gulbin Rima, raɓa kan kwanta cikin murfin nan, tsumma busasshe shi ne maganinta. In tartsatsi ya fito ja-ja ba ƙarfi, ko bai fito ba, laifi yana baya.

Shaida na huɗu hannu ne. A buɗe murfi a dubi kwantak ana juya inji. Wajibi ne ya buɗe ya rufe, buɗewarsa kimanin milimita 0.4, wato kaurin farce. Ƙurar hunturu da daɗewar aiki kan cinye ƙafarsa har ya daina buɗewa. In bakinsa ya yi baƙi ya rarake, a goge shi, a kuma zargi kwandensa. A taɓa ƙananan wayoyin kwayil ko ɗaya ta saki. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce, galibi kwayil ɗinta ne ya gaji. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi ke naɗa masa yakan kai su gari, amma ba ya warkar da shi. Barin makulli a kunne inji na tsaye shi ma yana ƙona kwayil.

Fa'idar wannan duka ita ce, ciwon wuta ba safai yake zuwa ba sallama ba. Motar da ta yi nawar tashi da asuba, ko take tari a kan tudu, ta riga ta faɗi abin da ke damunta. Gyaranta a tashar Sabon Birni ko ta Isa, gaban bakanike, da rana tsaka, ya fi gyaranta a daji rana na faɗuwa. Kwantak guda da kwandensa da rota da fulogi biyu ba su cika aljihun riga ba, kuɗinsu kuwa bai kai na buhun gero ba. Ya kamata mai kaya ya tambayi direba ko yana tafe da su tun ba a yi lodi ba, domin rayukan da ke bisa kayan nan amana ne a wuyansu su biyu. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya mayar da aminci ga ƙasar Gobir da sauran ƙasashe. Haza wasalam.