Kalmomin Yaƙi a Hausar Kurfai: Na Gado da na Aro

1. Gabatarwa

Masana kwatanta harsuna sukan maido da tsohuwar siffar kalma ta hanyar auna harsuna ƴan uwan juna, su sa mata tauraro (*) don nuna ba a same ta a rubuce ba. Fannin yaƙi yana da wuyar sha'ani a wannan aiki, domin makami yakan tsallaka iyaka tare da sunansa.

Harsunan Tungus na Sibiriya da Mancuriya misali ne. Ƙamus ɗin kwatanci da Tsintsius ta jagoranta (1975 zuwa 1977) ya ba da damar jera su gefe da gefe. Baka shi ne "beri" a Mancu, "ber" a Ebenki, watau kalmar gado ce. Amma "gida" (mashi) da "morin" (doki) na Mancu sun yi kama da "jida" da "morin" na Mongol, saboda haka kamannin kaɗai bai isa hujjar gado ba.

2. Hausar Filinge

A ƙarni na 19 Kurfayawa sun yi zaman yaƙi da maƙwabtaka da Abzinawan Imanan da Tagazar. Sarautar Filinge kanta "Mayaƙi" ake kiranta. Kalmomin yaƙi a nan sun kasu aji uku:

(a) Waɗanda ginin Hausa ke bayyana tsohuwar siffarsu. Jam'in "mashi" shi ne "masu", abin da ke nuna asalinsa *masi, domin "s" takan koma "sh" gabanin "i". Haka "dawaki" ke nuna "doki" daga *dawki ya fito.

(b) Tsohon aro. "Takobi" daga "takoba" na Tamashek yake. "Sirdi", "linzami", "lifidi" da "bindiga" asalinsu Larabci ne. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da zamanin Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410).

(c) Aron zamanin mulkin mallaka, kamar "kwamandan" daga Faransanci.

3. Abin lura

Aji na (b) da na (c) ba su shiga aikin maido da tsohon harshen Cadi, ko da an same su a harsuna masu yawa. Ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci kuwa, duk ukun Hausa ne. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne furucin Kurfai, inda "faɗa" ke zama "hwaɗa". In an daidaita rubutu ba tare da an fara taskace irin wannan furuci daga bakin tsofaffi ba, an ɓatar da shaidar da mai kwatanci yake bukata.