Kilomita Ɗaya, Yini Guda: Yawon Ƙafa a Tsohuwar Alƙahira

Yau Masar muka nufa. Na san da yawa cikinku kuna da ɗan'uwa da ke karatu a Azhar, ko wanda ya je Alƙahira ganin likita ko saro kaya. To mafi yawan mutanenmu in sun samu rana ɗaya ta hutu, dala suke tafiya, su hau raƙumi, a ɗauki hoto, shi ke nan. Ni kuwa in ka ba ni zaɓi, Titin Mu'izz zan kai ka, kuma da ƙafa.

Titin nan tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da ɗan wani abu ba, daga ƙofar Babul Futuh a arewa zuwa Babu Zuwaila a kudu. Mai sauri zai gama shi cikin minti 20. Ni yini guda ya ci mini. Shi ne ƙashin bayan birnin da Fatimiyawa suka kafa a 969, kuma sunan halifansu Al-Mu'izz ya ci. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Na fara da sassafe daga Babul Futuh, wadda aka gina a 1087. Dab da ita akwai masallacin Al-Hakim, an kammala shi a 1013, filinsa fetal, shiru kamar ba a cikin Alƙahira kake ba. Ka ɗan gangaro kaɗan za ka ga ƙaramin masallacin Al-Aƙmar na 1125. Sai ka sauka matakala kafin ka shiga, saboda a tsawon ƙarnuka titin ya yi ta tudu har ya bar masallacin a ƙasa. Wanda ke cikin mota ba zai taɓa lura da wannan ba.

Inda na fi daɗewa shi ne wani gini da ya tsaya daidai inda titi ya rabu biyu, na Abdurrahman Katkhuda, 1744. Irinsa ake kira sabil-kuttab. Ga yadda yake aiki: a ƙarƙashin ƙasa akwai babban ma'ajin ruwa, 'yan ga-ruwa na ɗauko ruwan Nilu a salka su zuba. A ƙasa wani mutum na zaune bayan taga mai ragar tagulla, yana miƙa wa duk mai wucewa ruwa kyauta. A saman bene kuma makarantar allo ce ta marayu. Wato ruwa a ƙasa, karatu a sama.

To wa ke biyan kuɗin duk wannan? Wakafi. Mai ginin zai ware shaguna, gonaki ko gidajen haya, ya rubuta cewa kuɗin da suke kawowa na wannan wurin ne har abada. Daga ciki ake biyan malami, mai raba ruwa, mai shara, har man fitila. In ka gane wannan, ka gane titin gaba ɗaya, domin kusan duk ginin da za ka gani haka aka tsara shi.

Misali mafi girma yana ɗan gaba, ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285. Abu uku ne a haɗe: makaranta, kabarinsa, da asibiti inda ake duba marasa lafiya ba tare da sun biya ko kwabo ba. Cikin wata 13 kacal aka gama shi. Har yau akwai asibitin ido a wani sashe na filin. Shi Ƙalawun ɗin bawa ne da aka sayo, ya zama soja, ya zama sarki. Haka tsarin Mamluk yake, su da suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517. A jikin ginin nasa akwai makarantar ɗansa An-Nasir Muhammad, wanda a zamaninsa ne Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu cewa duk tsoron Allah ne zalla. Basarake in ya mutu ko ya faɗi, wanda ya gaje shi na iya ƙwace dukiyarsa. Wakafi kuwa taɓa shi sai da wahala, kuma mai shi na iya sa 'ya'yansa cikin masu cin albashi. Akwai neman lada, akwai neman suna, akwai kuma wayon ɓoye dukiya. A ganina hakan bai rage wa abin daraja ba, tunda dai talaka ya sha ruwa, maraya ya yi karatu.

Da azahar na ratsa kasuwar Khan al-Khalili. Nan dai ciniki ne, kuma farashin farko da za a gaya maka na baƙo ne, don haka ka taya ƙasa sosai, kar ka ji kunya. Na sha ruwan rake mai sanyi, na tsallaka na yi salla a Azhar, wanda aka fara ginawa a 970. A da ɗalibai na zama rukuni-rukuni bisa ƙasashensu, har da sashen mutanen Barno. Yanzu ma in ka kasa kunne a harabar, da wuya ka fita ba ka ji Hausa ba.

Rabin titin na kudu ya fi cunkoso, masu atamfa da barguna da 'yan dako ko'ina. Farkonsa gine-ginen Sarki Al-Ghuri ne guda biyu suna kallon juna. Ya gina wa kansa kabari na alfarma, sai ya mutu a fagen yaƙi da Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Siriya a 1516, ba a ma samu gawarsa ba.

Ƙarshen tafiyar Babu Zuwaila ce, ta 1092. A nan aka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Hasumiyoyi biyun da ke kanta na masallacin Al-Mu'ayyad ne da ke gefe. A da wurin kurkuku ne, an taɓa tsare shi a ciki, ya yi alwashin in ya samu mulki zai mayar da shi masallaci, kuma ya cika. Ana hawa hasumiyar da tikiti. Matakalar matsattsiya ce, ga duhu, ga ƙafafu sun riga sun gaji, amma ka daure ka hau wajen la'asar. Daga sama za ka hango duk hanyar da ka biyo.

Ga mai shirin zuwa: sa takalmi mai sauƙin cirewa, don za ka cire shi ya fi sau goma. 'Yan'uwa mata a riƙe mayafi. Titin kyauta ne, wasu gine-ginen ne ake yankar tikiti. In lokacin zafi ne, fito tun ƙarfe 8 na safe, ka kuma ajiye canji don masu tsaron takalma.

Wanda ya taɓa zuwa, ya gaya mana inda ya fi burge shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.