Ƙwallon kwando: hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka

Daga wani malamin yaƙi da jahilci na Tabla

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana bisa wani wasa da ɗiyanmu ke kallo cikin telebijin da salula. Sunanshi ƙwallon kwando. Ƴan birni na ce mishi basket. Iyaye da yawa na cewa wasan dogaye ne, wai guje-guje ne da tsalle kawai. To, a saurara. Wasan ga kamar gayya yake. Ƙungiyar da ta iya miƙa wa juna ƙwallo ita ke cin wasa. Ɗan wasa kuma ba a haifuwarshi gwani, renonshi ake yi sannu sannu, kamar ɗan maraƙi.

Yaya ake wasan?

Wani malamin makaranta, James Naismith, shi ya ƙago shi a Amurka cikin shekarar 1891. Ya rataya kwanduna biyu sama, ya ce ɗalibai su jefa ƙwallo ciki. Nan sunan ya samo asali. Yau zoben ƙarfe ne da raga.

Filin na da tsawon mita 28 da faɗin mita 15. Daga ƙasa zuwa zobe mita 3 ne da santimita 5. Kowace ƙungiya mutum 5 ke cikin fili. Ba a gudu da ƙwallo riƙe a hannu. Sai dai mutum shi riƙa buga shi ƙasa shina tafiya, ko shi miƙa wa ɗan uwanshi. Wanda ya jefa daga kusa ya shiga, maki 2 gare shi. Akwai wani layi mai lanƙwasa, nesa da zobe da mita 6 da santimita 75. Wanda ya jefa daga bayanshi ya shiga, maki 3 gare shi.

Ga babbar doka. In ƙungiya ta samu ƙwallo, daƙiƙa 24 kawai gare ta ta jefa. In lokacin ya wuce, sai a ba abokan hamayya. Saboda haka ba a jira sai an shiga fili a yi shawara. Tun wurin horo kowa ya san inda za shi tsaya da inda za shi ruga. Dabarun na da yawa, amma ga guda 4 da manyan ƴan wasa ke aiki da su kullum.

Dabara ta 1: miƙa ka ruga

Bari mu ce Ali na da ƙwallo, wani na tsaronshi. Sai shi miƙa wa Sani. Idon mai tsaro sai shi bi ƙwallo, don haka ido yake. Nan take Ali shi ruga ta bayanshi zuwa gindin zobe. Sani shi mayar mishi, shi jefa ba kowa gabanshi. Yaron da bai koyi wasa ba, in ya miƙa ƙwallo sai shi tsaya shina kallo. Wanda ya koya, miƙawa da gudu tare yake yin su.

Dabara ta 2: shinge

Wanda ya taɓa yin langa ya san wannan. A langa, ƴan uwa ke tare abokan hamayya don ruwa shi samu hanya shi kai gida. Nan ma haka ne. Ali na da ƙwallo. Sani, wanda ya fi jiki, sai shi zo shi tsaya cik kusa da mai tsaron Ali, kamar shinge. Doka ta ce shi kafe ƙafafunshi. In ya motsa ya ture mutum, ya yi laifi. Ali sai shi bi ta gefen Sani, mai tsaronshi shi ci karo da shinge. Sa'an nan Sani shi juya shi nufi zobe.

Yanzu masu tsaro na cikin wahala. In sun ƙyale Ali, shi jefa. In su biyu sun taru kanshi, Sani ya zama ba mai tsaro, sai a miƙa mishi. In na uku ya baro wurinshi don shi tare Sani, to wanda ya baro ɗin shi ne a sake, sai ƙwallo shi tafi can. Duk ƙofar da sunka rufe, wata na buɗewa.

A babbar gasar Amurka da ake kira NBA, John Stockton da Karl Malone sun yi shekara 18 suna wannan dabara cikin ƙungiyar Utah, daga 1985 zuwa 2003. Kowa ya san abin da za su yi, amma tare su ya yi wuya. Stockton ba dogo ba ne cikin ƴan wasan, mita 1 da 85 gare shi. Ya miƙa ƙwallon da anka ci maki da shi sau 15.806.

Dabara ta 3: sammako

In abokan hamayya sun jefa bai shiga ba, kunka cafe, kada ku tsaya. Ku ruga tun ba su koma gida ba. Mai ƙwallo shi bi tsakiya, ɗaya shi bi dama, ɗaya shi bi hagu. Sau da yawa mutum 2 kawai za ku tarar. Makiyayi 2 ba su tsare ƙofar garke 3. Mai ƙwallo shi jira sai mai tsaro ya taso mishi, sa'an nan shi miƙa wa wanda ke sake. In ya yi garaje ya miƙa da wuri, dabara ta lalace.

Dabara ta 4: buɗa fili

Manomi ya san hatsin da ba a rage ba, ba shi yin zangarniyar kirki. Ƴan wasa ma in sun cunkushe gindin zobe, mai tsaro ɗaya na iya tsare mutum biyu. Shi ya sa masu horo ke warwatsa su, wasu can kusurwa, bayan layin maki 3.

Mu yi lissafi. In ka jefa sau 10 daga kusa, 5 sunka shiga, maki 10 ke nan. In ka jefa sau 10 daga nesa, 4 sunka shiga, maki 12 ke nan. An sa layin ga cikin NBA a 1979, amma an daɗe ba a ba shi ƙarfi ba. Ƙungiyar Golden State, da gwanin jifarta Stephen Curry, ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar 2015 zuwa 2016. Daga nan ƙungiyoyi sunka ƙara yawan jifa daga nesa. Amfanin mai jifar nesa biyu ne: shina cin maki, kuma shina jan mai tsaro waje, hanya ta buɗe wa ƴan uwanshi.

Daga Sakkwato da Zariya

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, an haife shi a 1963. Da farko gola yake yi a ƙwallon ƙafa, kuma shina ƙwallon hannu. Shina ɗan shekara 15 makarantarsu ta zo wasanni a Sakkwato. Shi ƙwallon hannu ya kawo shi, amma anka roƙa a sa shi cikin ƴan ƙwallon kwando. Nan ya fara gasa. A 1984 shi anka fara zaɓa cikin dukan samarin da sunka shiga NBA. Ya ci kofi da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995. Dogaye kamarshi na da yawa. Abin da ya raba shi da su ƙafa ce. Sai shi yi kamar za shi dama, mai tsaro shi bi, shi kuwa ya juya hagu. Wasannin ƙuruciya ne sunka ba shi wannan ƙafa.

Masai Ujiri kuma a Zariya ya girma. An haife shi a 1970. Shi ma ƙwallon ƙafa ya fara, sai da ya kai shekara 13 ya kama ƙwallon kwando. Wani mai horo Ba'amurke da ya zauna Zariya, Oliver Johnson, ya taimake shi. Ya tafi karatu Amurka, ya yi wasa ƴan shekaru a ƙasashen Turai. Bai taɓa buga wasa cikin NBA ba. Amma ya iya kallon yaro shi gane abin da za shi zama. Ya fara wannan aiki ba albashi, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto ta ƙasar Kanada. Ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019, ya kuma riƙe ta har 2025. Tun 2003 ya kafa ƙungiyar Giants of Africa mai tara yara tana koya musu wasan a ƙasashen Afirka.

Cikin waɗanda sunka ci kofin 2019 akwai Pascal Siakam, ɗan Kamaru. Bai kama wasan sosai ba sai wajen shekara 17. Toronto ta ɗauke shi a 2016, shi ne na 27 a zaɓe. Ba a yi mishi gaggawa ba. An tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ya ƙara gogewa. A 2019 shi anka ba lambar ɗan wasan da ya fi ci gaba.

Maƙwabtanmu ma sun gwada. A 2019 samarin Mali masu shekara 19 zuwa ƙasa sun kai wasan ƙarshe na duniya a ƙasar Girka, Amurka kaɗai ta fi su. Ƴan matan Najeriya sun ci kofin Afirka sau 5 jere, daga 2017 zuwa 2025. Ke nan wasan ba na ɗiya maza kaɗai ba ne.

Yadda ake renon ɗan wasa

Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi, amma in an matsa sai shi karye. Masu horo na raba aikin kashi 3.

Daga shekara 6 zuwa 11, wasa ne da dariya. Ana ba yara ƙaramin ƙwallo, ana sauko da zobe zuwa mita 2 da 60. In zobe ya yi musu nisa, sai su saba da jifa marar kyau, gyaranta kuwa da wuya. Su koyi aiki da hannun dama da na hagu. Kada a hana su langa da kokowa da ƙwallon ƙafa. Duk suna gyara ƙafa.

Daga 12 zuwa 15, a koya wa kowa komi: miƙawa, buga ƙwallo ƙasa ba tare da kallonshi ba, jifa, da tsaro. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ajiye dogon yaro gindin zobe don a ci wasan yau. Gobe tsaranshi sun kamo shi tsawo, shi kuwa bai iya komi ba. Gajere ma kada a kore shi. Muggsy Bogues mita 1 da 60 gare shi, ya yi shekara 14 cikin NBA.

Daga 16 zuwa sama ne ake ƙara aikin ƙarfi da dabaru masu wuya.

Mu faɗi gaskiya. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, samari wajen 60 kawai ake zaɓa kowace shekara daga duniya duka. Kada yaro shi bar makaranta ko gona don wannan mafarki. Olajuwon da Ujiri da Siakam duk ta ƙofar makaranta sunka shiga Amurka. In wani ya zo ya ce ku sayar da sa ko gona ku ba shi kuɗi shi kai ɗanku Turai, ku yi hattara. Ku fara tambayar hukumar wasanni. Kuma kada a rage wa yaro shekaru cikin takarda. Ranar da anka gane, shi za a kora.

Mi za mu iya yi nan Tabla?

Ba sai da babban fili ba. Akwai wasan mutum 3 da 3, mai zobe ɗaya. Filinshi mita 15 ne da mita 11. Ana yin minti 10, ko kuwa wanda ya fara kai maki 21 ya ci. Har cikin wasannin Olimpik an sa shi, tun na birnin Tokyo da anka yi a 2021.

Maƙeri ko mai walda na iya lanƙwasa ƙarfen gini shi yi zobe mai faɗin santimita 45. A samu allon katako da gungume mai ƙarfi, a kafa shi sosai don kada shi faɗo kan yara. Ƙwallo ba shi tashi bisa rairayin dallol. Sai a nemi wuri mai tauri, a zuba jar ƙasa, a yi daɓe kamar na ɗaki. Kafin a gama daɓen, yara na iya fara wannan: ƙungiya ta miƙa ƙwallo sau 10 ba a amshe ba, ta ci maki 1. Ko bisa rairayi ana yin shi, kuma shi ne tushen dabarun nan 4. Kuɗin ƙwallo kuwa, samari su yi karo-karo bayan girbi, a ba mai zuwa Yamai saƙo.

A yi wasa da safe ko da marece, a ajiye tulun ruwa kusa. A ware wa ƴan mata ranarsu. A samu babba ɗaya mai haƙuri shi tsaya bisa yaran. In Tabla ta fara, sai ta gayyaci Balleyara da Bonkuku da Filinge a gwada.

Da rani, in aikin gona ya ƙare, yaran da ba su tafi cin rani ba na zaman banza. Zobe ɗaya na iya tara su. Ko ba wanda ya kai Amurka cikinsu, za su samu lafiyar jiki, su saba da bin doka, su koyi ba ɗan uwa abin da ke hannunsu in shi ya fi kusa da ci. Garin da ya kafa nashi zobe, shi rubuto wa jaridarmu mu ba sauran jama'a labari.