Ina Ya Kamata Kyanwar Gida Ta Kwana?

A gidajen Farfaru, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibia da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, ba kasafai ake sayen kyanwa ba. Kyauta ake ba da ita tun tana ƙarama, ko kuma ita ta zaɓi gidan da kanta, ta shigo ta rariya ta samu wurin zama. Wataƙila shi ya sa ba a ware mata makwanci. Akuya tana da turke, kaji suna da akurki, jaki ma an san inda ake ɗaure shi. Kyanwa kuwa, da an yi sallar isha'i an ja ƙofa, inda dare ya same ta nan za ta kwana. A wani gidan uwargida ta kore ta da tsintsiya saboda ta taɓa ɓarar da ƙwaryar nono, a wani kuma yara su ɓoye ta cikin mayafi har gari ya waye.

Ni dai ina ganin duka biyun kuskure ne. Wurin kwanan kyanwa shi ne cikin gida, kusa da inda abinci yake, amma ba kan shimfiɗar mutane ba.

A ƙasashen Turawa an daɗe ana wannan muhawara, sai dai damuwarsu daban ce. Wani bincike da Scott Loss da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyin da ke yawo a sake suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, doka ta tilasta wa duk mai kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yulin 2022 ya tsare ta a harabar gidansa dare da rana. Mai zama a bene can zaɓi biyu gare shi, ɗaki ko titi. Gidan Bahaushe kuwa akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai madafa da rumbu, sannan ɗakunan kwana, duk a cikin katanga ɗaya. Wannan tsarin ya riga ya sauƙaƙa mana matsalar, in da za mu yi amfani da shi.

Hatsi ne ya haɗa mutum da kyanwa tun farko. Masana sun gano cewa kyanwar gida jikar kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce, wadda ta fara raɓar mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da aka fara noma ana tara amfanin gona, ɓeraye suka biyo shi. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 da aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Aikin da ya kawo ta bai canza ba. Ƙasar Jibia ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa, ga kuma fatauci ta hanyar Magama zuwa Ɗan Issa har Maraɗi. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, buhuna kan daɗe jibge a shaguna da soraye, kakar ɓera ta yanke saƙa. Shi kuwa ɓera da dare yake fitowa. Wanda ya kori kyanwarsa bayan isha'i ya sallami maigadi daidai lokacin da ɓarawo zai shigo.

Asarar ba ta tsaya kan hatsi ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, yana zuba ƙwayar cutar ta fitsari da kashi a kan abincin da aka bari a buɗe. Cutar ta fi tashi da rani, kuma ta fi addabar jihohin Ondo, Edo, Bauci da Taraba, amma irin wannan ɓeran yana ko'ina a Afirka kudu da Sahara. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don rigakafi, tare da rufe abinci da nisanta juji daga gida, har da ajiye kyanwa. Ba za ta ƙarar da ɓerayen unguwa ba, kuma ba ta maye gurbin murfin tukunya, amma gidan da take sintiri da dare ba ya zama dandalinsu.

To me ke jiranta in ta fita? Na farko titi. Manyan motoci suna bin hanyar Katsina zuwa iyaka, babura ba sa hutawa, kyanwa kuma in fitila ta haske ta kan daskare wuri ɗaya ko ta ruga ta ƙarƙashin taya. Sai karnuka, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin allurar rigakafi ba. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma ko da yake kusan duka daga kare ake ɗauka, kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ta tsira da ranta tana iya dawowa gida da cutar, ta kwanta a cinyar yaro. Sai shinkafar ɓera da maƙwabci ya zuba a bayan buhunansa: ɓeran da ya ci guba yana tangaɗi shi ya fi sauƙin kamawa, ita kuma ta ci gubar tare da shi.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta, wanda ba ƙarami ba ne. Matar da ta yi kwana 21 tana tattalin kaza kan ƙwai, ta wayi gari muzurun gidan wani ya kwashe 'yan tsaki, ba za ta ji daɗin ba ta haƙuri ba, domin kuɗin sabulunta da na adashinta ke nan. Daga nan ake fara cacar baki ta kan katanga, wani lokaci a ƙare da zuba wa dabbar guba. Ga camfin da har yanzu yake da ƙarfi, cewa baƙar kyanwar da aka gani tsakar dare kan katanga mayya ce ko aljana ta rikiɗa. Kyanwoyi da dama sun sha jifa saboda wannan zato, alhali yunwa ce ko neman muzuru ya fito da su.

Masu kai ta gado su ma sun wuce gona da iri. Ta fuskar tsarki babu matsala: a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, kuma alkunyar Abu Huraira ma daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ta samo asali. Matsalar ta lafiya ce. Kyanwa tana neman ɗumi, jaririn da bai iya juya kansa ba kuma bai kamata ya kwana da wata dabba ba. Farcenta yana ɓula gidan sauro, rami ɗaya kuwa ya ishi sauro da damina. Wani mai tarin fuka yakan tashi da shaƙewa saboda wani sinadari da ke cikin yawunta, wanda take shafawa a gashinta in tana lasar jiki. Mai juna biyu kuma ta nisanci kashinta, saboda ƙwayar cutar tokso da ke iya illata ɗan tayi. Ƙwayar tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 bayan an yi kashin kafin ta iya kama mutum, don haka kwashe shi kullum, da hannun wani ba mai cikin ba, yana rage haɗarin ƙwarai.

Wani zai ce ai katanga ba ta tare kyanwa. Gaskiya ne, ta fi ƙarfin katanga, amma sabo yana riƙe ta. A ajiye mata abincinta bayan magariba, lokaci ɗaya kullum, ɗan tuwo da romon kifi ko guntun nama, da kasko na ruwa mai tsabta. Kada a ji tsoron ƙoshi zai mayar da ita kyanwar Lami, domin farauta ɗabi'arta ce, da yunwa ko babu. A sa mata kwali da tsohon zane a lungun zaure ko gefen madafa, musamman da hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sa ta shiga tokar murhu ta ƙona tafin ƙafa, ko ta lafe cikin injin motar da aka ajiye. A zuba yashi a tsohon daro a can gefe. A toshe rariya da dutse. Cikin 'yan makonni za a ga da kanta take dawowa kafin a kira salla.

Inda nake so a yi hattara sosai shi ne kulle ta a sito. 'Yan kasuwa da dama suna rufe kyanwa da buhuna su tafi, wani lokaci har kwana biyu, babu ruwa babu taga, a ƙarƙashin kwano da zafin bazara. In kuma an sa wa waken ƙwayar Phostoxin, iskar da take fitarwa tana kashe duk abin da ke numfashi a rufaffen ɗaki, har mutum. Bukhari da Muslim duka sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda zai rufe ta a wani wuri ya ɗauki nauyin cinta da shanta da iskar da za ta shaƙa, kuma ya buɗe mata da sassafe.

Saura abu biyu da sai an je wurin likitan dabbobi. Muzurun da aka yi wa fiɗiya yana rage yawon dare da faɗa da fesa fitsari a bango, macen da aka yi wa aiki kuma ta huta da haihuwa, ita da cikinta bai wuce kwana 63 zuwa 65 ba, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Allurar haukan kare kuma ana yi wa kyanwa tun tana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Kada a ba ta farasitamol in ta yi rashin lafiya, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. In kuwa kyanwar da ba a san halinta ba ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar.