Shawarar da ta ƙi jin magani: abin da hoton ciki yake faɗa

Jama'ar Damargu, kowa ya san shawara. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, sai a jiƙa saiwar rawaya a sha. Sau da yawa shawara daga ciwon hanta take. Amma akwai wadda take kama mai shekara 50 ko fiye, kuma ba ta tafiya. Mutum yana ramewa, jiki yana ƙaiƙayi, bayan gida ya yi fari, ciwon ciki yana soka har gadon baya. Irin wannan tana iya zama alamar sankara a wata tsoka da likitoci suke kira pankireyas.

Tsokar tana kwance a bayan tumbi, tsawonta bai kai taƙi ba. Ita ke ba da ruwan narkar da abinci, ita ke daidaita sukari cikin jini. In ƙari ya fito a kanta, sai ya matse hanyar da ruwan matsarmama yake bi zuwa hanji. Ruwan ya koma cikin jini, ido ya yi rawaya. Wurin yana da zurfi, hannun likita ba ya kai masa. Sai da hoto.

Hoto na farko shi ne eko, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Ba allura, ba zafi. Ana zuwa ba a ci abinci ba, domin iskar hanji tana rufe tsokar. Eko yana nuna ko hanyar matsarmama ta kumbura, amma yana iya kasa ganin ƙaramin ƙari. Saboda haka likitan Tanut ko na Belbeji yakan tura mara lafiya babban asibitin ƙasa na Damagaram, a yi masa hoto na biyu, wato sikana. Wannan na'ura tana nuna ciki yanki-yanki, kamar an yanka kabewa ana duba kowane yanki.

Amfanin sikana ya wuce gano ƙarin. Tana gaya wa likita inda ciwon ya dosa. In ƙarin ƙarami ne, bai rungumi manyan jijiyoyin jini da ke kusa da shi ba, ana iya yin aiki a cire shi. In ya naɗe jijiyoyin, akan fara da maganin sankara, sannan a sake hoto a ga ko ya ragu. In kuwa an ga ɗigo-ɗigonsa a hanta, ya riga ya bazu, aikin cirewa ba zai warkar ba. A duniya baki ɗaya, cikin mutum 5 da aka gano musu wannan ciwo, kusan 1 kaɗai ake samu da wuri har a iya cire ƙarin. Jinkiri ne ke cinye sauran.

Wannan magana ta shafi rumbu da garke. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. A can ne cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara take, wadda ta fara gashin sankara da na'ura a shekarar 2021. Kafin maigida ya sayar da hatsi ko raƙumi, ya kamata ya zauna da likita ya tambaye shi sarai: me hoton ya nuna, tafiyar ta neman warkewa ce ko ta neman sauƙi? Duka biyun suna da daraja. Ko wanda ba a iya cire masa ƙarin, ana iya buɗe masa hanyar matsarmama, a rage masa ƙaiƙayi da zafi, ya samu barci cikin iyalinsa.

A ajiye hotunan da takardunsu cikin leda, nesa da ruwa da gara. A tafi da su duk lokacin da za a ga likita, domin da tsohon hoto yake auna sabo.